Na Yafe Motar Da Ba Tawa Ba

Da safe jirgin ƙasa ya sauke ni a Yawunde, ana tsuga ruwa. Abin da na riƙo bai wuce jaka mai kaya kala uku ba, da almakashina, da sunan unguwa guda a bakina, wato Birik. Haka mutanenmu na Bichi da suka riga ni zuwa suke kiran Briqueterie, unguwar da Hausawa suka fi yawa. Mai tasin da na tsayar ya gane ni baƙo ne tun da na fara da gaisuwa, don 'yan gari ba sa ɓata lokaci, leƙawa kawai suke yi su faɗi inda za su da abin da za su biya. Ya yi ta yawo da ni, mu hau tudu mu gangara, ya karɓi kuɗin da daga baya na gane zai kai ni Birik sau goma. Abin da yake ba ni haushi har yau shi ne har godiya na yi masa, na haɗa da addu'a.

Ɗan garinmu da na zo wurinsa, aka ce ya koma Duwala wata biyu da suka wuce. Na raɓe a gefen wani shagon shadda ina jiran ruwa ya ɗauke, hayaƙin masu tsire yana shiga mini ido, yunwa tana cina. Hausa nake ji ta ko'ina amma ban san kowa ba. Mai shagon ya daɗe yana kallona. Dattijo ne siriri, Bafulatanin Ngaundare, kowa Baffa Hamadu yake ce masa. Bai tambaye ni ɗan gidan wane ne ba, sana'ata ya tambaya. Da na ce tela ne, sai ya miƙo mini wata riga da aljihunta ya ɓalle, ya nuna mini tsohon keken ɗinki a lungu. Na gyara, ya juya ta ciki da waje, ya ce in zo in ci abinci tukuna. A ɗakin ajiyar da ke bayan shagonsa na kwana ranar, kuma a nan na yi shekara biyu.

Kewar gida a Birik wata iri ce. Ga tuwo, ga fura, ga kiran salla ta kowace kusurwa, sai ka rantse kana Fagge. Amma ka tambayi kuɗin zare, mutumin da yanzu ya gama yi maka Hausa raɗau sai ya amsa da Faransanci, nan take ka tuna ba a gida kake ba. Na yi wa mutane ɗinki a kekunansu, wani ya sallame ni, wani ya ce in dawo gobe, in na dawo ya ce bai san zancen ba. Da kasuwa ta mutu a shekara ta biyu har takardar tuƙi ta ƙasar na yi, da niyyar in koma jan tasi, don na taɓa yi a Kano. Allah bai nufa ba, Salla ta zo aiki ya buɗe. A shekara ta uku na sayi keken aiki nawa na kaina, irin wanda ake zuba wa manyan riguna ado da shi, na kama ɗan shago mai ɗaki a baya. Ranar da aka kawo keken ban iya cin abinci ba don murna. Da shi nake ci, da shi nake aika wa gida, kuma in ka cire shi ban mallaki komai a Kamaru ba sai katifa da buta.

A wannan shekarar yanar ido ta rufe wa Babana ido duka biyu. Manomi ne mai zafin nama, ya tsani a riƙe masa sanda, ga shi ko masallaci sai an kai shi. Baffa ya ce akwai asibitin ido a bayan Yawunde inda aka yi masa nasa aikin, kuma hannunsu yana da kyau. Na aika kuɗin hanya, wani ɗan garinmu mai fataucin huluna ya ce zai taho da shi.

Sai maganar zirga-zirga ta taso. Asibitin da nisa, kuma zuwa uku ne: gwaji, aiki, da buɗe ido. Tasin Yawunde cusa mutane ake yi, biyu a gaba, ana tsayawa kowane taku. Babur kuwa ba abin da za a ɗora tsoho makaho a kai ba ne. Wannan shi ne dalilin da na gaya wa mutane na neman motar haya ta kwana biyar. Akwai wani dalilin da ban gaya wa kowa ba: ina so Baba ya ji a jikinsa cewa ɗansa bai zo ƙasar mutane ya wulaƙanta ba.

Wanda ya fara kawo mini mota ɗan kamasho ne da ke zama wurin masu shayi, ɗan Najeriya ɗan'uwana. Mota tana ƙyalli, kuɗi kaɗan, kuma ya ce babu buƙatar rubuta komai tunda dukkanmu Musulmi ne. Har na sa hannu a aljihu, Allah ya kawo Baffa. Ya sa tabarau, ya duƙa ya karanta takardar inshora da ke manne a gilashin gaba, wadda a can suke kira asurans, ya zaga ya karanta lambar motar, ya dawo ya sake karanta takardar. Ashe takardar ta wata motar ce daban. Ya ce da na hau ta, shingen 'yan sanda na farko za a karɓe ta, a haɗa da ni, Baba kuma a bar shi a bakin titi. Ɗan kamashon ya ce zai je ya ɗauko ta gaskiyar, bai sake zama wurin masu shayin ba sai bayan wata guda.

Baffa ya kai ni unguwar Elig-Edzoa wurin wata mata da suka daɗe da sanin juna, Madam Odil. Kirista ce 'yar kudu, ƙaƙƙarfa, tana da motoci huɗu ko biyar a wani fili mai katanga, da ɗan ofis mai fanka. Alaji take ce mini, ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Faransancina na kasuwa ne, don haka Baffa ne ya yi mana tafinta. Kafin komai ta ce in fito da wayata mu zaga motar, in ɗauki hoton duk wani ƙwarzane, da tayar baya, da allurar mai. Kunya ta kama ni. A wurinmu in mutum ya ba ka abinsa ka tsaya kana ɗaukar hoton aibinsa a gabansa, ai ka ce masa maƙaryaci ke nan. Na ce wa Baffa ya gaya mata na yarda da ita. Ta ce ita ma ta yarda da ni, amma in ɗauka, don hoton ni zai kare ba ita ba.

Daga nan ta yi mini bayanin asurans. Iri biyu ne. Ƙaramin, in na bugi wani, shi za a biya, amma motar da nake ciki babu ruwansu da ita. Babban kuwa ya haɗa har da motar, ko laifin wane ne, sai dai kuɗinsa na kullum ya fi yawa. Baffa ya ce in ɗauki babban, in kuɗi ne zai cika mini. Ni kuwa da girman kaina na ce kwana biyar ne kacal, na yi tuƙi a Kano ban taɓa ko goga wa wani ba, kuma Allah ne mai tsarewa. Baffa ya ce haka ne, ya kalle ni ta saman tabarau. Na ɗauki ƙaramin.

Saura jingina, don ba a ba da mota sai an ajiye wani abu. Ba ni da katin banki, kuɗin hannuna kuma na aikin ido ne. Na ce zan kawo kan kekena, tunda ko ma yaya ne zan rufe shago kwanakin. Ta dubi Baffa, ta ce saboda shi ta yarda. Da yamma na kwance kan keken na kai mata, ta sa aka ajiye shi a lungun ofis, ta rufe shi da zanenta don ƙura. Da za ta ba ni makulli sai ta riƙe shi, ta sa Baffa ya fassara mini a hankali.

"Alaji, in wani ya buge ka, kada ka matsar da motar ko taku ɗaya. Ka ɗauki lambarsa, ka kira ni, a jira 'yan sanda su rubuta konsta. Da ita asurans ɗinsa zai biya. In babu ita, kai za ka biya."

Konsta ita ce takardar da ake rubuta yadda haɗari ya faru da wanda yake da laifi. Na gyaɗa kai, amma hankalina yana kan jirgin ƙasan da zai iso da Baba gobe.

Baba ya sauko a rame, hular nan tasa ta koɗe. Ya lalubo fuskata da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba. Na ja shi zuwa mota, na buɗe masa gaba. Kafin ya shiga ya shafa ƙofar, ya shafa rufin, ya zauna ya shafa kujerar.

"Nafi'u, wannan taka ce?"

"Alhamdu lillahi, Baba," na ce.

Ban ce e ba, ban ce a'a ba, amma na san abin da na yi. Tun daga tasha har Birik yana yi wa motar addu'a, yana sa mini albarka, yana cewa da mahaifiyata tana da rai da ta ga wannan rana. Daɗi ya cika ni, na ce a raina zan gyara zancen bayan aiki.

Aka yi gwaji, washegari aka yi aikin a idon dama, aka rufe shi da auduga da filasta, aka ce mu dawo gobe a buɗe. Muna hanyar komawa wajen azahar, mun zo wata mahaɗa kusa da Etoudi, unguwar da kasuwar shanu da mayanka suke, motoci suka tsaya, ni ma na tsaya. Sai na ji ƙarar birki a baya, sai gwaram. Wata farar motar ɗaukar nama ce ta gangaro ta daki bayanmu ta gefen dama. Abin da na fara dubawa idon Baba ne. Ya ce lafiya lau, kansa ma bai taɓa komai ba. Na fita raina a ɓace. Bayan motar ya shige ciki, fitila ta tarwatse, ƙofar baya ta lanƙwashe.

Direban sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, dogo, rigarsa duk jinin nama. Kafin in buɗe baki ya zube a kan kwalta yana roƙo da Hausarsa ta 'yan arewacin Kamaru. Ya ce laifinsa ne, motar ta maigidansa ce, watansa biyu da samun aikin bayan ya shekara yana nema, in 'yan sanda suka rubuta takarda ta kai wurin maigidan to aikinsa ya ƙare. Mutane suka taru, wasu suna ta cewa konsta, konsta. Wayata tana hannuna, har na nemo lambar Madam. Sai Baba ya kira ni ta taga, ya ce in matso masa da mutumin. Ya tambaye shi sunansa da garinsu, ya ce Usumanu, daga Marwa. Ya tambaya ko akwai wanda ya ji ciwo, aka ce babu.

"Nafi'u," in ji Baba, "yau aka yanka mini ido na fito lafiya, ga shi an buge mu ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Wannan ƙarfe ne. Motarka ce, ka yafe masa."

Wanda bai tashi a gidajenmu ba ba zai gane ba. In mahaifinka ya yanke magana a gaban jama'a, ta yanku. Kalma uku ce za ta cece ni, in ce masa ta haya ce, amma wallahi na kasa faɗa. In faɗa a gaban wannan taron cewa na yi wa ubana ƙarya, shi kuma yana zaune da filasta a ido yana alfahari da ni? Na mayar da wayar aljihu, na ce na yafe. Usumanu ya kama hannun Baba ta taga yana hawaye, Baba yana ce masa ya dinga kula da birki. Masu cewa konsta suka kaɗa kai suka watse. Ya ja motarsa ya tafi, ko lambarta ban kalla ba.

Na sauke Baba a ɗaki, na ce zan kai mota wurin gyara. Na ɗauki Baffa muka nufi Elig-Edzoa. Madam Odil ta zaga motar sau biyu, sannan ta miƙo hannu ta ce konsta. Baffa ya fassara mata abin da ya faru. Ta ce ya sake faɗa, don ta ɗauka bai fassara daidai ba. Ya sake. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Ka yafe masa motata?"

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Makanikenta ya duba, ya faɗi abin da gyaran zai ci, ya zarce kuɗin kekena. Ta ce ita ba ta da abin da za ta yi da keken ɗinki, amma da motar nan take ciyar da gida. Masu asurans ba sa karɓar rahoton da ya daɗe, don haka 'yan kwanaki ne gare ni. In na nemo mutumin ya amsa laifinsa a gaban hukuma, shi ke nan. In ban nemo shi ba za ta sayar da keken. Na kalli lungun da yake rufe da zane. A hanya Baffa ya wanke ni tas, ya ce yafiya abu ne mai kyau amma da kayanka ake yin ta, kuma ya yi mamakin tela da ya san bambancin yadinsa da yadin mai kawo ɗinki ya kasa gane wannan. Gaskiya ya faɗa.

Washegari na ɗauki shatar tasi muka koma asibiti. Aka cire filastar, aka goge idon, Baba ya yi ta ƙifta shi. Ya dubi hannunsa, ya dubi taga, sannan ya dube ni ya ce ashe har na fara furfura ban gaya masa ba. Na yi dariya, hawaye suna zuba. Ban taɓa jin farin ciki da baƙin ciki sun cakuɗe mini haka ba. Duk hanya yana ta nuna abubuwa, tuddai, ayaba, jar ƙasa, yana tambaya kamar wanda aka saki daga kurkuku.

Muna isa Birik ya ce kafin komai in nuna masa keken nan da nake ta ba shi labari a waya. Na buɗe shago. Ga tebur, ga rami a tsakiyarsa inda kan keken yake zama, ga zare kala-kala a jere. Ya tambayi ina yake. Na so in ce yana wurin gyara, amma yanzu yana ganina, na kasa. Na durƙusa na gaya masa komai, tun daga Madam Odil har zuwa abin da zai faru in ban nemo Usumanu ba. Ya daɗe yana kallon ramin teburin.

"Ƙaryar da ka yi mini na yafe, don wannan haƙƙina ne," ya ce. "Amma motar matar nan ni na sa aka yafe, kuma ba tawa ba ce ba taka ba. Gobe ka kai ni wurin yaron."

Na ce ai ba a janye yafiya, abin kunya ne. Na ce likita ya hana shi shiga ƙura. Na ce ko lambar motar ba mu da ita. Ya ce shi da ba ya gani ya tambayi suna da gari, ni mai ido me na riƙe? Kunyar kuwa tasa ce, shi zai ɗauka.

Da sassafe muka tafi Etoudi mu uku, Baba da baƙin tabarau da aka ba shi a asibiti, Baffa kuma saboda Fillanci. Taɓo, kashin shanu, kukan dabbobi, masu baro suna ta ihun a ba su hanya. Baffa ya nemi shugaban mahauta, aka kai mu. Shugaban ya ce Usumanu 'yan Marwa a kasuwar nan sun fi a ƙirga, amma farar mota mai buguwa a goshi guda ɗaya ya sani. A bayan mayanka muka same shi yana wanke ta. Yana ganin Baba ya yar da bokiti ya taho da gudu, yana murna wai Baba ya samu ido.

Sai Baba ya tattare rigarsa ya tsuguna a gabansa, a cikin wannan ƙazantar. Ban taɓa ganin ubana ya tsuguna wa wanda bai kai shi ba. Usumanu ya rikice, shi ma ya zube.

"Ɗana, da abin kunya na zo maka," in ji Baba. "Shekaranjiya na yi maka kyauta da kayan mutane."

Ya yi masa bayani dalla-dalla, bai ɓoye ƙaryata ba, bai kuma tsaya a kanta ba. Ya ce babu wanda ya ɗauki lambarsa, babu takarda, babu shaida. In ya ce bai san mu ba za mu juya, kuma ba zai riƙe shi a zuciya ba. Usumanu ya dubi ruwan da ke gangarowa daga ƙarƙashin motar. Can ya ɗago ya tambaye ni ko da keken nake ci. Na ce da shi nake ci, da shi kuma ake ci a gidanmu. Ya miƙe ya goge hannu a riga, ya ce mu jira shi zai shiga wurin maigidansa. Daga inda muke muna jiyo faɗa da Faransanci, murya ɗaya ce kawai take tashi. Da ya fito, takardun motar suna hannunsa.

Ranar a ofishin 'yan sanda muka wuni. Madam ta zo da motarta, aka jera biyun, aka duba, aka yi tambayoyi. Usumanu ya faɗa da bakinsa cewa muna tsaye ya buge mu, ya sa hannu. Madam ta ba Baba kujerar da aka ba ta, ta aika aka sayo masa ruwa da ayaba, ta yi ta kallonsa tana kaɗa kai. Baffa ya riga ya gaya mini masu asurans suna ɗaukar watanni kafin su biya, don haka na sa a raina ni da kekena sai bayan nan. Kwana biyu da yin haka ina zaune a shago babu abin yi, sai ga mota ta tsaya. Madam ce da kanta, kan keken yana kujerar baya. Ta ce takardar ta ishe ta, ita za ta jira su, ni in koma aiki. Ta ƙara da cewa in na sake zuwa haya in ɗauki babban asurans, ko kuwa in je wani wurin in yi ta yafiyata. Na ma rasa da wane harshe zan gode mata.

Tun daga nan duk baƙon da ya zo shagona yana zancen motar haya sai na zaunar da shi, ko yana sauri. Nakan ce ya gwada lambar takarda da lambar mota, ya ɗauki hoto ko da mai motar limaminsu ne. Ya tambaya ƙarara, in aka bugi motar nan wa zai biya, kada ya tashi sai ya gane amsar. In ƙarfinsa ya kai ya ɗauki babban, don 'yan kuɗin da na yi wa rowa su suka kusa raba ni da sana'ata. Kuma duk wanda zai ɗauka a motar, ko uban da ya haife shi ne, ya gaya masa tun a tasha cewa ta haya ce. Wasu suna dariya, ni ba na yi.

Baba ya yi sati uku a wurina yana zaune a ƙofar shago yana kallon duk mai wucewa, sannan ya koma Bichi da ƙafarsa, babu mai riƙe masa sanda. Aikin farko da na zuba a keken bayan an dawo mini da shi riga ce ta Usumanu. Baffa ya yanko shadda mai kyau ya ƙi karɓar ko sisi, ni kuma na zauna na yi mata aikin da ban taɓa yi wa wani alhaji ba. Na naɗe ta a leda na tafi Etoudi.

Na tarar da farar motar a inda take, amma wani ne a ciki. Ya ce ai Usumanu tun ranar da ya dawo daga wurin 'yan sanda aka karɓe makulli. Ya nuna mini wajen ƙofar mayanka. Can na hango shi yana turo baro cike da nama, ƙafarsa tana nutsewa a taɓo. Daga baya Baffa ya samar masa tuƙi wurin wani mai kawo kaya daga Duwala, amma sai da ya yi wata huɗu yana wannan turin, saboda kekena.

Na tare shi, na tambaye shi me ya sa bai zo ya gaya mana an kore shi ba. Ya ajiye baron, ya yi murmushi.

"Ai na san haka za a yi tun kafin in shiga wurin maigidan," ya ce. "Yaya idon Baba?"

Na ce ido lafiya lau, har ya koma gona. Ya ce madalla, ya ji daɗi ƙwarai. Na miƙa masa ledar, ya leƙa ya ga aikin, ya ɗaga hannayensa ya nuna mini duk jini ne, ya ce in ɗora masa a kafaɗa, ranar Juma'a zai sa. Na ɗora. Ya ce in yi haƙuri masu nama suna jiransa, ya kama baronsa ya tura.

Na tsaya a cikin taɓon ina kallonsa, ya karkata kafaɗa ɗaya don kada rigar ta zame, har ya shige tsakanin shanu.